Rasuwar Mas'uda, Fiyanon da Ta Tafi da Gangar Kawu Mika'ilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda in za a bi gaskiya rabinsa haushi ne, ni Abdurra'uf Salihu, malamin aji huɗu a nan Birnin Kudu, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke tsakani rasuwar fiyanona, wadda duk unguwarmu ta sani da suna Mas'uda. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a garin Gwaram, a kan teburin situdiyon Malam Ahmad, da wayoyi biyu a jikinta da mutum biyu tsaye a kanta. Ba ta yi sallama da kowa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na tambayi limamin masallacinmu ko ya halatta in ce Allah ya jiƙanta. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ba a roƙa wa roba da ƙarfe rahama, sai dai a roƙa wa mai su hankali. Na karɓi wannan fatawa hannu biyu. Ko da ya halatta ma, a yadda zuciyata take a wannan makon, ban tabbata bakina zai iya furtawa ba.

Babu wanda ya san ainihin shekarun marigayiya. Ta zo hannuna daga wani shago a Kano shekara goma sha uku da suka wuce, ta riga ta yi zaman wani gida a ƙasar Turawa, har da sunan wani mutum da aka kankare a bayanta. Ta zo da littafin bayaninta mai kaurin gaske, amma da wani yare da ba Ingilishi ba. Na kai wa malamai uku a makarantarmu, kowa ya jujjuya shi ya miƙo mini abina. Saboda haka ni da ita da lalube muka san juna, ina dannawa tana amsawa, har muka saba.

Al'ada ce a faɗi alherin mamaci, kuma ba zan tauye mata haƙƙi don ta tauye mini ba. Mas'uda mai fara'a ce. Duk lokacin da aka kunna ta sai ta gaishe ka: "tiri-ri-rin." Daga nan ta shiga ƙirga maka lokaci, "kit, kit, kit, kit," ba ta sauri, ba ta nawa. Ita kaɗai ƙungiyar makaɗa ce. Sai in buga mata ganga ta riƙe, in koma farko in ɗora sarewa ta riƙe, in ƙara garaya ta riƙe, sannan ta haɗa su gaba ɗaya ta maimaita mini ko sau ɗari ne, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. In hannuna ya kuskure bugu ɗaya, ba sai na sake daga farko ba, wannan bugun kawai zan nemo in matsar da shi. Wannan tsarin shi ne masu sana'ar suke kira midi, kuma a zauren gidana nake yinsa, bayan an tashi daga makaranta.

Ita ta yi kiɗan taken makarantarmu. Ita ta yi wa ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli ta Surko kiɗan taronsu, da na 'yan ƙwallon Wurno ranar da suka ci kofi, duk a gaban jama'a na ɗauke ta na kai ta, ta yi aikinta ta fita kunya. Ta jure zafin bazara, ta jure wutar da ke zuwa da rabin ƙarfi, ta jure kofin shayi guda da na taɓa kifar mata. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Kuma duk ranar da na gama aiki, sai in soka mata filas, ɗan abin nan da ake adana aikin kwamfuta a ciki, in danna maɓallin ajiya. Sai ta ce "pim," ta rubuta a ɗan allonta cewa ta adana. Da wannan "pim" ɗin nake samun kwanciyar hankali. Filas uku na yi: ɗaya a aljihun rigata, ɗaya a akwatin matata Na'ima, ɗaya na aika wa wana a Kano. Har a majalisa na sha yin alfahari da cewa ko gobara aka yi a gidana, Allah ya kiyaye, kiɗana ba zai ɓata ba. A riƙe wannan maganar, za a ga inda ta kai ni.

Yanzu dole in kawo Kawu Mika'ilu, domin ba za a gane girman abin da marigayiya ta aikata ba sai an san shi. Ƙanen mahaifiyata ne, makaɗin noma ne a Zandam ta ƙasar Gwaram. Duk wanda ya riƙe fartanya a gayya a wannan yankin cikin shekaru arba'in da suka wuce, gangar Kawu ce a bayansa. Kowane manomi yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in aka buga ya san da shi ake. Sai ka ga dattijo mai jikoki ya zabura ya bar samari a baya. A gidan Kawu na yi shekara shida ina ƙarami, matarsa Inna Batulu ce ta raine ni, ita ce ta san yawan tuwon da na ci a duniya kafin in san kaina.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya saki. Aka kawo shi asibiti nan Birnin Kudu, da aka sallame shi ya zauna a gidana kwana tara kafin ya koma. Ba ya iya rataya ganga, ba ya iya bugu biyar a jere gula ba ta suɓuce masa ba. Sai ya zauna a zaure yana kallona ina danne-danne, yana kiran Mas'uda akwatin 'yan birni. Ganinsa a zaune haka, hannu a cinya, shi ya fi komai damuna.

To, marigayiya tana da wata baiwa. In ka sa mata makirfo ka yi wani sauti, sai ta haɗiye shi ta ɗora maka a kan maɓallin da kake so, duk lokacin da ka danna wannan sautin ne zai fito. Na hau babur na je Zandam na ɗauko gangar. Kwana biyu muka yi, ni ina riƙe da ita, shi yana bugu ɗaya ya huta. Bugu bakwai muka samu: na tsakiya mai zurfi, na gefe mai kaifi, da wanda yake danne fatar da tafin hannu har ganga ta yi nishi, da sauransu. Da muka gama na kama ɗan yatsansa na dama na ɗora a kan maɓalli. Gangarsa ta amsa daga sifika: "dum." Ya fizge hannu kamar ya taɓa wuta, ya dube ni, ya dubi gangar da ke jingine a bango ba wanda ya taɓa ta, sannan ya yi dariya har hawaye suka zubo masa.

Daga nan ba a sake raba su ba. Da yatsa biyu ya dinga kaɗa taken mutanen Zandam, yana kiran sunan kowa, Mas'uda tana riƙewa. Mutum goma sha huɗu, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. A rana ta ƙarshe ya kaɗa wani gajere, mai sanyi, da ɗan jinkiri a tsakiyarsa, bai kira sunan kowa ba. Na tambaye shi na wane ne. Ya waiga ƙofa tukuna, ya rage murya.

"Wannan na mai kawo fura ne," in ji shi. "Ka ajiye mata. In na tafi ka kai mata."

Ashe shekara arba'in yana buga shi duk lokacin da ya hango Inna Batulu a bakin gona da ƙwarya a ka. Duk Zandam sun ɗauka kiɗan hutu ne, da sun ji sai su ajiye fartanya su nufi inuwa. Su biyu kaɗai suka san take ne.

Kawu ya rasu bayan kakar waccan shekarar, Allah ya jiƙansa, shi kam ya halatta. Gangar aka jefa a rumbu, ɓeraye suka cinye fatar. Ɗansa Khuzaima direba ne, bai taɓa riƙe gula ba, sai ya mayar da kwankon amya ya rataya a bishiyar ɗorawa. Yanzu zuma ce a ciki. Wato muryar gangar Kawu ba ta rage ko'ina a doron ƙasa ba sai a cikin Mas'uda.

Da Inna ta fita takaba ta aiko mini. Ta ce tana da ɗan rediyo mai cin memori, in sa mata saƙonta a ciki. Aikin da ake buƙata shi ne naɗa: a ja waya daga bakin fiyano zuwa kwamfuta, a bar ta ta kaɗa daga farko zuwa ƙarshe, kwamfuta ta kama ainihin sautin. Aikin minti uku ne. Ni ya ɗauke ni shekara biyu da wata huɗu, kuma ina da dalilai. Na gwada a gida, wayar ta dinga kwaso gurnanin janareto tana zubawa a ƙarƙashin kiɗan. Sannan sauti in an naɗe shi kamar tuwo ne, ba ya komawa gari, amma muddin yana midi ina iya gyara. Na ga ya kamata a ɗora wa taken sarewa. Na ɗora. Na ƙara garaya, na yi wata uku ina saurare, na cire garayar.

Na'ima ta faɗa mini ya fi a ƙirga cewa in kara wayata a bakin sifika in ɗauka in aika wa tsohuwa, daga baya in yi na gayun. Na ce mata kukan akuya da injin markaɗen maƙwabta duk za su shiga, kuma aikin Kawu ba rigimar kasuwa ba ce da za a ɗauka da waya. Ta ce to. Tun ranar Talata ba ta tayar da zancen ba, abinci kawai take ajiye mini ta wuce, kuma da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Sau uku Inna tana aikowa ta bakin Khuzaima in ya biyo da mota. Na farko da na biyu gaisuwa ce da tuni. Na ukun, a watan jiya, ta ce a faɗa mini kunnenta na hagu ya toshe, na daman ma ya fara nauyi. Wannan saƙon ne ya tashe ni tsaye.

Game da jinyar marigayiya, ta fara ne tun daminar bara. Wani baƙin maɓalli a can gefen dama ya daina magana. Allonta ya dusashe, sai ka karkata kai kafin ka karanta. Wata rana gaisuwarta takan yanke a rabi, "tiri," sai shiru, sai na kashe na sake kunnawa. Na ɗauka tsufa ne. Nakan fitar da ita ta sha rana, in hura mata iska da famfon keke, sai ta miƙe ta yi kiɗa garau kamar ba ita ba. Wannan na cikin abin da na riƙe ta da shi. Mai ciwo yakan nuna inda ke masa ciwo, ita kuwa ta ɓoye mini, tana gaishe ni da fara'a alhali cikinta ya gama ruɓewa.

Na yi magana da Malam Ahmad, mai situdiyo a Gwaram, domin shi da sola yake aiki, babu gurnani a wayarsa. Na aika Zandam cewa ranar Talata bayan azahar ina tafe da saƙo. Na naɗe Mas'uda a bargo, na shiga gaban mota da ita a cinyata tun daga tashar Birnin Kudu har Gwaram. Duk ramin da direba zai faɗa sai in ɗaga ta da hannuwana, ni in sha jijjigar. Da muka sauka kafaɗuna ba sa motsi.

Ahmad ya jona mata wayoyi. Na kunna. Ta yi gaisuwarta cikakkiya, "tiri-ri-rin," da wata murya tas da rabon da in ji ta tun tana sabuwar zuwa. Ya ce in sake ta sau ɗaya don ya daidaita ƙarfin sautin kafin mu ɗauka. Na danna.

Jama'a, ban taɓa jin gangar Kawu a manyan sifiku ba sai ranar. "Dum, dum, kas. Dum-kas." Sai ɗan jinkirin nan na tsakiya, sai nishin fatar. Ɗakin ya cika da Kawu. Na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar gonar Zandam a hancina. Ahmad haifaffen Gwaram ne, ya san gangar tun yana yaro, ya cire abin kunnensa ya miƙe tsaye bai sani ba. Minti biyu da daƙiƙa arba'in ta yi, ba ta kuskure ko bugu ɗaya ba. Kwamfuta kuwa ba ta ɗaukar komai, tun da gwaji ne.

Da ta kai ƙarshe Ahmad ya ce a haka ma ya yi, mu ɗauka yanzu. Na ɗaga masa hannu. Na ce ya dakata kaɗan, sarewar tana ɗan danne gangar a tsakiya, bari in rage ta. Na kai yatsa na danna. Kalamanta na ƙarshe su ne "tsss," sannan "tak." Allon ya yi fari, ya yi duhu. Warin ƙonanniyar roba ya tashi.

Mun canza adafta, mun canza soket, mun girgiza ta, na kira sunanta a gaban mutum ban ji kunya ba. Amma ko a lokacin hankalina bai tashi sosai ba. Har murmushi na yi. Na sa hannu a aljihu na fito da filas, na ce wa Ahmad ya kwantar da hankalinsa, komai yana nan, har gida uku na ajiye. Ya karɓa yana kallona irin kallon da ma'aikaciyar jinya take yi wa wanda za ta ce wa sai haƙuri a bakin ƙofa. Ya soka a kwamfuta ya buɗe. Abin da ya fito shi ne "tin, tin, tan, tin-tan," siriri, kamar ana buga cokali a kofin tangaran. Sarewata tana nan daram a sama, sarewar da ba wanda ya roƙe ni. Gangar ce babu.

"Malam, midi ba sauti ba ne," in ji Ahmad. "Takardar cefane ce, ba miyar ba. Abin da ke cikin filas ɗinka shi ne wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi. Ita gangar tana cikin fiyanon, ba ta taɓa fitowa ba."

Ya ce ajiyar sautin daban take da ajiyar kiɗan. Littafin nan nata yana cikin bargon, don ba na tafiya da ita ba shi. Ya ɗauka, ya haska shafukan da wayarsa tana fassara masa, ya gano wurin a shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Dannawa huɗu ce kawai. Duk shekara ukun nan littafin yana ajiye a gefenta a zaure.

A nan ne nake so jama'a su yi mini shari'a da marigayiya. Na san za a ce laifina ne, ni ma da safe nakan ce haka. Amma ita da ta iya rubuta mini cewa ta adana, me ya hana ta rubuta abin da ta adana? Sau nawa na ba ta amanar Kawu ta ce "pim," ta miƙo mini takarda ta riƙe gangar a cikinta? Na goge mata ƙura da hular kaina. Na hana kowa ɗora mata ko da carbi. Kuma in mutuwar ce ta zo, ai tana da damina guda da za ta mutu a zaurena, in san abin yi. Sai ta bari na ɗauke ta a cinya har Gwaram, ta bari na aika wa tsohuwa cewa ina zuwa, ta kaɗa mana shi cikakke lokacin da ta san ba a ɗauka, sannan ta tafi da shi. Na ji ciwon wannan fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ban yafe ba tukuna.

Ahmad, Allah ya saka masa da alheri, ya zauna har azahar yana ɗora wa hannun Kawu gangunan da ke cikin kwamfutarsa. Akwai na Indiya, akwai na Larabawa, akwai wata mai kama da ta 'yan faretin makaranta. Kowacce muka sa sai ya zama kamar an sa wa Kawu rigar aro. Na ce ya bari, ya naɗa mini na cokalin a memori yadda yake, ya cire sarewar.

Binciken gawa Jafaru mai gyaran rediyo ne ya yi shi a rumfarsa da ke bakin kasuwar Gwaram. Da ya kwance bayanta, kyankyasai ne suka fara fitowa, iyali guda, da alama sun daɗe da tarewa. Danshin damina ya ci allon cikinta har ya yi kore. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen babban yatsa ba, ya fashe a tsakiya, ya ce a nan sautin yake zama. Na tambaye shi ko za a samu irinsa a Kano. Ya ce mai yiwuwa a samu, amma fanko zai zo.

Marigayiya ta rasu ta bar adafta guda, wadda Jafaru ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta shiga jikin kowa sai nata. Ta bar ƙafafun ƙarfe da take zama a kai, suna tsaye a zaure har yanzu, ina tuntuɓe da su. Ta bar littafi. Ta bar filas uku, marayu, ɗauke da kiɗa ɗari da sittin da wani abu, waɗanda mafi yawansu za su rayu a gidan wani fiyanon, ko da muryarsu ta ɗan canza, domin da sautin kamfani aka yi su. Goma sha biyar ɗin Kawu ne ba su da inda za su. Ta bar ni. Ta kuma bar Inna Batulu, wadda ba su taɓa haɗuwa ba, amma ita ce ta fi kowa asara.

Na so in juya Birnin Kudu daga rumfar Jafaru, amma na riga na aika. Na isa Zandam bayan la'asar da gawa a bargo. Inna ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi biyu, ta kira maƙwabtanta mata su huɗu, ta dama fura. Ta sa sabon batir a rediyon. Muka gaisa, ta tambayi Na'ima da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, ta tambayi makaranta, ni kuwa ina ta jan gaisuwar don kada ta ƙare. Ta dai ƙare. Na sa memorin na miƙa mata.

Ta kara rediyon a kunnen dama. Cokali ya fara buga kofi. Matan suka dubi juna, ɗaya ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane. Inna ba ta motsa ba har ya ƙare. Ta ce in sake. A karo na biyu na ga ɗan yatsanta yana bugun gwiwarta, yana tafiya tare da shi daidai, ya tsaya inda ya tsaya, ya ci gaba inda ya ci gaba.

"Hannunsa ne," in ji ta. "Ga inda yake jira in sauke ƙwaryar nan. To Audu, ina gangar?"

Na faɗa mata. Ban san ko ta gane zancen filas da midi ba, amma ta gane cewa da akwai, yanzu babu, kuma a hannuna ta ɓata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zuba mini fura ta ce in sha, hanya da nisa. Na ɗauka na sha. Da zan tafi na kai hannu zan cire memorin, ta janye rediyon ta sa a ƙarƙashin mayafinta.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, a ƙofar gidana da ke Birnin Kudu. Ba za a yi mata salla ba, bisa fatawar da aka samu. Za a naɗe ta a bargon da ta yi tafiyarta ta ƙarshe, a ɗora ta saman kabad ɗin zaure, fuskarta na kallon bango. 'Yan gwangwan da suka zo sau biyu suna tambaya su yi haƙuri, ba za a sayar ba, domin ko a ƙone yake, abin da ya rage na gangar Kawu yana cikin nan. Babu sadakar uku, babu ta bakwai. Masu zuwa ta'aziyya ana roƙonsu su zo da addu'a kawai, shawara ta riga ta yi yawa a gidan. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar Kawu Mika'ilu yana kiɗa a gayya, a kaset ne ko a waya, a Zandam ko Surko ko Wurno ko ko'ina, ko da minti ɗaya ne, ko da kukan akuya ya rufe rabinsa, don girman Allah ya zo da shi, kuma kada ya jira Asabar.

Na aika Khuzaima ya tambayi Inna Batulu ko za ta zo, in turo mata mota. Jiya ya kawo amsa. Ta ce a yi mini ta'aziyya, amma a yafe mata zuwa. Ta ce ta riga ta yi zaman makokin mutumin nan sau ɗaya, wata huɗu da kwana goma, ba ta da ƙarfin na biyu.